Kiɗan Kwamfuta ko Kiɗan Hannu: Yadda Ake Ɗora Ganga a Waƙa a Situdiyon Gida

Duk mai ɗan situdiyo, a ɗaki ne ko a shagon bakin titi, yana fuskantar tambaya ɗaya a kan kowace waƙa: a haɗa mata kiɗa a kwamfuta, ko a aika a kira mai kalangu? Da yawa ba sa ma tsayawa su yi tambayar. Tun shekarun 1990, lokacin da fiyanon Yamaha ƙirar PSR ya shiga situdiyoyin Kano, kunnuwanmu suka saba da gangar inji, har aka riƙa ce wa kiɗan waƙoƙin fim na wancan zamani kiɗan fiyano. Da manhajojin haɗa kiɗa na FL Studio da Cubase suka zo sai suka ɗora daga nan. Yau akwai furodusan da ya fitar da waƙoƙi ba adadi amma bai taɓa saka makirufo a gaban fata ba.

A ganina yawancin waƙoƙinmu sun fi kyau idan aka raba aikin: inji ya riƙe lokaci da nauyin ƙasa, hannun mutum ya yi magana a sama. Akwai waƙar da inji kaɗai ya ishe ta, akwai kuma wadda inji zai kashe. Ga yadda za ka gane, da yadda za ka yi aikin ta kowace hanya.

Kayan kwamfuta iri biyu ne. Samfur bugu ɗaya ne da aka ɗauka aka ajiye, kamar "dum" ɗaya na kik (babbar ganga mai sautin ƙasa) ko "tas" ɗaya na siniya (ƙaramar ganga mai kaifin sauti), kai ne za ka jera su su zama kiɗa. Luf kuwa guntun kiɗa ne da wani ya riga ya kaɗa, na daƙiƙa huɗu ko takwas, ka ɗora shi ya yi ta maimaita kansa.

Mataki na 1: Saurari waƙar tun ba ta da kiɗa

Kafin ka buɗe kwamfuta, ka sa mawaƙi ya rera waƙar daga farko zuwa ƙarshe yana tafi da hannu, ka ɗauka a waya. Ka saurara sau biyu ko uku. Abin da kake nema shi ne ko waƙar tana tafiya a miƙe, ko tana da wuraren da mawaƙi ke jan numfashi, ya tsaya ya yi kirari, ya jira amshi.

Idan salon zamani ne zalla, hip-hop ko amapiano ko afrobit na rawa, kada ka wahalar da kowa. Sautin waɗannan a cikin inji aka haife shi. Kik mai dogon ruri da ake ce wa 808 daga na'urar TR-808 ya samo asali, wadda kamfanin Roland na Japan ya fitar a 1980, kuma gangar nan mai kauri ta amapiano da ta fito daga Afirka ta Kudu a cikin manhaja ake haɗa ta. Babu makaɗin da zai ba ka su da hannu. Haka ma tallar rediyo ko waƙar siyasa da aka kawo yau ana so gobe da safe: samfur, ka gama, ka karɓi kuɗinka.

Waƙar biki, waƙar sarauta, waƙar maza, begen Annabi da aka saba ji da mandiri, duk wata waƙa da ganga ke amsa wa murya, nan ne ake kiran mai fata. Dalilin yana jikin kalangun kansa. Fata biyu ce a kan ice mai siririn ƙugu, tsarkiya ta haɗa su, makaɗi ya rataya shi a hammata. Idan ya matse, sauti ya hau. Idan ya saki, ya sauka. Yana iya bugawa sau ɗaya ya matse bayan bugun, sautin ya lanƙwasa yana cikin tafiya. Hausa kuma harshe ne mai karin sauti, hawa da sauka da faɗuwa, shi ya sa kalangu ke iya bin jimla har mai sauraro ya gane abin da ya ce. Samfur yana kama bugu ɗaya ne a tsaye. Za ka iya ja shi sama ko ƙasa a kwamfuta, amma duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe zai ji cewa ba hammata ce ta matse shi ba.

Tambaya ta ƙarshe a nan ta aljihu ce. Makaɗi yana da kuɗin mota, da abinci, da sallama, kuma zai ci maka yini. Ka gaya wa mai waƙa tun yanzu, ya san abin da zai ƙaru.

Mataki na 2: Tsayar da gudu da tafiya

Ka nemo gudun waƙar daga abin da ka ɗauka a waya. A FL Studio, ka danna dama a kan lambar BPM, wato yawan taku a minti ɗaya, ka zaɓi Tap, ka riƙa taɓawa daidai da tafin mawaƙi har lambar ta zauna. Ka gwada ƙara biyu, ka gwada rage biyu, mawaƙi ya rera a kai, ku tsaya a inda kalmomi ke fita ba ya haɗiye su. Daga nan kada ka sake taɓa lambar. Sauya gudu bayan an ɗauki murya da ganga ɓarna ce babba.

Sai abin da ya fi gudun muhimmanci, wanda kuma aka fi yin sakaci da shi: kowane taku na waƙar biyu-biyu yake rabuwa ko uku-uku? Kaɗe-kaɗenmu na gargajiya da dama uku-uku suke tafiya, wato abin da ake rubutawa 6/8 ko 12/8. Allon jera bugu na FL Studio kuwa da gida 16 yake buɗewa, huɗu-huɗu. Furodusa zai cusa waƙa mai tafiyar uku a cikin gida 16, mawaƙi ya yi ta cewa "kiɗan nan yana shaƙe ni", a rasa gane dalili. Maganin shi ne ka shiga allon da ake ce wa Piano roll ka mayar da Snap zuwa 1/3 beat, wato a raba kowane taku gida uku, ka jera bugun a can. Ka ƙirga da baki: idan "ɗaya-biyu-uku" ya zauna a cikin kowane tafi ba tare da tilas ba, uku-uku ce.

Mataki na 3: Gina ƙashin kiɗa da samfur

Ko za ka kira makaɗi ko ba za ka kira ba, wannan matakin sai ka yi shi, domin a kansa za a ɗora komai.

Ka zaɓi sauti kaɗan: kik ɗaya, siniya ko tafi ɗaya, hayihat (faifan ƙarfe mai siririn sauti), caki, da wata ƙaramar ganga ɗaya ko biyu. Wajen zaɓen kik ka tuna inda za a ji waƙar. Yawancin masu saurarenka a lasifikar waya za su ji, ko ƙaramar bulutut, ko cikin adaidaita sahu. Lasifikar waya ba ta fitar da ƙasa sosai, kik ɗin da duk ƙarfinsa ke wajen 50 Hz ɓacewa zai yi. Ka nemi mai ɗan ƙwanƙwasa a samansa, ko ka ɗora masa wani siririn samfur da zai ba shi baki.

Abin da ke tona asirin kiɗan kwamfuta shi ne kowane bugu ya fito da ƙarfi ɗaya, sauti ɗaya, a kan layi cif, ya riƙa tafiya kamar keken ɗinki. Hanyoyin gyara wannan ba su da wuya, haƙuri kawai suke so. Ƙarfin bugu a MIDI, wato tsarin da kwamfuta ke rubuta bugu da shi, daga 0 zuwa 127 yake. Kada ka bar caki da hayihat duka a lamba ɗaya. Wanda ya faɗo a kan taku ka ba shi kamar 100, na tsakani ka sauke su 60 zuwa 75, kuma kada tsarin ya zama iri ɗaya a kowane zagaye. Ga ƙananan ganguna, ka nemi samfur biyu ko uku na bugu iri ɗaya ka riƙa musanya su, tunda hannun mutum ba ya faɗawa wuri ɗaya sau biyu.

Mafi kyau ma, ka bar linzami ka buga da yatsu. Ka zuba samfuran a FPC, allon ganguna na FL Studio, ko makamancinsa, ka kunna ɗauka, ka kaɗa a kan fiyano. Bayan nan kik kaɗai za ka ja ya zauna a kan layi sosai. Sauran ka gyara wanda ya kauce da yawa, ka ƙyale 'yan ƙananan kaucewa. A gudun 120, taku ɗaya rabin daƙiƙa ne, milisakan 500. Jinkirin milisakan 10 ko 15 a kan siniya ba za a ji shi a matsayin kuskure ba, kwanciya za a ji.

Ka kuma daidaita muryar gangunan da muryar waƙa. 808 da ƙananan ganguna suna da nasu sautin, idan ya saɓa wa bes, wato kiɗan ƙasa mai kauri, sai ƙasan waƙar ya dagule. Sannan ka bar gurbi. Wurin da mawaƙi zai yi kirari, ka cire kik gaba ɗaya. Idan kana da niyyar kiran mai kalangu, kada ka cika tsakiyar kiɗan da konga da bongo, wurinsa ne.

Mataki na 4: Idan za ka yi amfani da luf

Luf yana da abin da samfur ba shi da shi, wato hannun mutum yana ciki. Shi ya sa luf ɗin caki ko tamburin ɗaya kan raya kiɗan da aka jera da linzami. Ka zaɓi wanda gudunsa ke kusa da na waƙarka. Manhaja za ta ja shi ta daidaita, amma idan tazarar ta yi yawa, a ce daga 90 zuwa 115, bakin bugun zai dushe ya riƙa rawa. A irin wannan hali gara ka yanka shi gunduwa-gunduwa a Slicex, abin yanka luf na FL Studio, ka sake jerawa. Yankawar tana da wani amfanin: ba za ka fito da kiɗa iri ɗaya da duk wanda ya sauke wannan luf ba. Ka guji mai amsa-kuwwa da yawa a jikinsa, ba ta cirewa.

Wani abu da ya kamata a faɗa a fili: tarin sautukan da ake sayarwa da sunan gangunan Afirka ba da mu aka yi su ba. Galibi jembe ne na Mali da Gini, da konga ta Kuba, in an matso kusa a samu gangan ta Yarabawa. Ita wannan 'yar'uwar kalangu ce a ƙira, amma jimlolin da ke cikin luf ɗin na Yarabanci ne, tafiyarsu daban. Za ka ɗora a waƙar Hausa, baƙo ya ce ya yi, ɗan gida ya ji wani abu bai zauna ba. Kotso, jauje, kuntuku, ƙwaryar amada, da wuya ka same su a kasuwar intanet da inganci. Mataki na 7 zai zo kan wannan.

Sai batun haƙƙi. Shafuka irin su Splice suna sayar da luf da izinin a saka a waƙa ba tare da biyan wani kaso daga baya ba, amma izinin ba naka ne kai kaɗai ba. YouTube ba ya yarda a yi wa irin wannan sauti rajistar Content ID, tsarinsa na gane mai waƙa, a matsayin mallakar mutum ɗaya, sai dai wasu suna yi, sai ka wayi gari an ɗora wa waƙarka da'awa. Ka ajiye shaidar inda ka samo kowane luf. Yanko kiɗa daga tsohon kaset na wani makaɗi kuwa, ko ya rasu, aikin yana da masu shi. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 tana nan, magada ma suna nan. Ka nemi izini ko ka haƙura.

Mataki na 5: Ranar da makaɗi zai zo

Nan ne aikin yake, nan ne kuma ake yawan asarar yini.

Wajen nemo shi, ka fi karkata ga wanda ke kaɗa wa mawaƙi a kai a kai, domin ya saba barin wuri ga murya. Gwanin fili wani lokaci ba ya iya sassautawa. Ka tambaya a wajen masu kiɗan biki, ko gidan dambe, ko ta hannun sarkin makaɗan gari. Ka tura masa waƙar da ƙashin kiɗan kwana biyu kafin ranar, ya ji ta ta shiga jikinsa. Ku gama maganar kuɗi kafin ya taso daga gida, a faɗi waƙa nawa ce. Idan dattijo ne, kada ka tsaya a bayan kwamfuta kana ba shi umarni ta makirufo. Ka taso ka same shi: "Baba, wannan ya yi kyau ƙwarai, a ƙara mana ɗaya, a ɗan sassauta a wurin amshi." Za ka sami abin da kake so da sauri.

Ka zaɓi lokaci da kyau. Makirufo yana ɗaukar ƙugin janareto ta iska da ta bango, fanka da na'urar sanyaya ɗaki kuma dole a kashe su. Idan kana da inbata ko sola, ka ɗora kwamfuta da saunkad (akwatin da ke haɗa makirufo da kwamfuta) a kai, ko ka cire cajar laftof ka yi aiki da batir. Wannan yana kuma rage gunjin wuta, wanda a nan ƙasar a 50 Hz yake zama. Da hantsi ya fi, kafin zafi ya tsananta, kuma ka lissafa da lokutan kiran salla da injin niƙan maƙwabta. Ɗaki a rufe ba fanka ba a daɗe a cikinsa, ku riƙa ɗauka minti goma ku buɗe ƙofa ku sha iska.

Fata tana bin yanayi. Da hunturu takan bushe ta ɗaure, sauti ya hau ya yi kaifi. Da damina takan saki ta yi laushi. Mai mandiri ko ganga zai so ya shanya ta a rana ko ya gasa ta kaɗan kafin a fara, ka ba shi lokaci. Saboda haka ma ka gama ɗaukar ganga ta waƙa ɗaya a zama ɗaya. In ka ce a dawo bayan mako biyu a ƙarasa baiti na uku, wata gangar za ka ji.

Ɗakunanmu na siminti da tayil suna mayar da sauti da ƙarfi, ganga kuma ta fi murya tayar da ɗaki. Ka shimfiɗa darduma ko kafet mai kauri, ka jingina katifa a bangon da makaɗi ke fuskanta da wanda ke bayansa, ka rataya bargo a ƙofa da taga. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ado ne kawai, kada ka dogara da shi. Kada ka ajiye makaɗi a kusurwa, kada kuma a tsakiyar ɗaki cif. Ka sa ya yi ta bugawa kana zagayawa da kunnenka har ka ji inda gangar ta fi fita tsaf.

Makirufo ɗaya mai jure ƙara, irin Shure SM57, ya isa kalangu. In SM58 gare ka na murya, shi ma zai yi. Ka ajiye shi santimita 30 zuwa 40 daga fatar da ake bugawa, ya ɗan karkace, kada ya kalli inda sanda ke sauka kai tsaye, in ba haka ba ƙarar sanda za ta rinjayi muryar gangar. Kada ka matso da shi sosai, domin mai kalangu ba ya tsayawa wuri ɗaya, jikinsa duka ke kiɗan, kuma idan makirufo na kusa, ɗan motsi kaɗan zai sauya sauti. Ka manna salatif a ƙasa inda ƙafarsa za ta tsaya. In ya saba kaɗawa a tsaye, kada ka zaunar da shi don sauƙinka.

Idan saunkad ɗinka mai ƙofa biyu ne, irin Focusrite Scarlett 2i2, ka saka makirufon kondensa, mai saurin jin sauti, a ta biyu, ka kunna masa wutar 48V, ka ajiye shi kamar mita ɗaya da rabi, daidai tsayin kai, ya ɗauko ɗakin. Sauti yana tafiyar kusan santimita 34 a milisakan ɗaya, don haka zai riga isa makirufon kusa, idan aka haɗa biyun wani sashe na iya cinye wani. Ka saurare su tare a mono, wato sautin hagu da na dama a haɗe. In gangar ta rame, ka juya fuskar ɗaya da maɓallin Ø, ko ka matsar da na nesa kaɗan. Wannan juyawar ta zama dole idan ka saka makirufo a kowace fuska ta ganga mai fata biyu, saboda lokacin da fata ɗaya ke shiga, ɗayar fita take yi.

Ka ɗauka a 24-bit, 48 kHz ko 44.1, duk wanda aikin yake a kai. Ka sa ya yi bugu mafi ƙarfi, ka daidaita ya tsaya wajen -12 dB. Ka bar wannan sarari domin makaɗi in waƙa ta ratsa shi sai ya fi yadda ya gwada ƙarfi, kuma bugun da ya fashe ba ya gyaruwa. Ka sauke bafa, wato saitin da ke ƙayyade jinkirin sauti, zuwa 128 ko 256, ko ka kunna sauraren kai tsaye a jikin saunkad, don kada ya ji bugunsa yana makara. Hedifon mai waya, mai rufe kunne. Na bulutut yana da jinkiri, ba ya wannan aiki. Ga mai FL Studio, ƙaramin nau'insa na Fruity ba ya ɗaukar sauti daga makirufo, sai Producer zuwa sama.

Yanzu babbar matsalar: ƙyas-ƙyas ɗin nan na metironom, mai ƙirga taku. Mutumin da ya shekara talatin yana kaɗa wa jama'a rawa bai taɓa bin wannan abu ba, kuma ba rashin iya lokaci ba ne, shi mutane yake bi. Ka kashe shi. Ka ba shi caki da kik da muryar mawaƙi a kunne, ya zame hedifon daga kunne ɗaya don ya ji gangarsa a iska. In mawaƙin yana nan, ya tsaya inda za su ga juna ya riƙa motsa baki da jiki ba sauti. Za ka ga bambanci nan take.

Akwai waƙar da ko wannan ba zai yi ba, musamman mai kirari da yawa ko wadda ke ƙara zafi tana tafiya. A nan ka juya tsarin: ka ɗauki makaɗi da mawaƙi tare ba tare da wani inji ba, daga baya ka sa manhaja ta bi gudunsu. Cubase yana da hanyar gano gudu daga sautin da aka ɗauka. Aiki ne mai cin lokaci, amma ƙaruwar gudun nan ita ce ran waƙar.

Idan ƙungiya ce, da uwar kalangu da ɗan karɓi da kuntuku, kuma sun saba da juna, ka ɗauke su tare a zagaye da makirufo biyu, ka daidaita ƙarfinsu ta hanyar matso da wannan da janye wancan. Idan mutum ɗaya ne zai kaɗa duka, a fara da ƙaramar da ke riƙe tafiya, a ƙare da uwar da ke magana. Ka ɗauki waƙar cikakkiya sau uku, kuma kada ka kashe ɗauka lokacin da yake cewa gwaji yake yi. Sau da yawa a nan abin kirki ke fita.

Kafin ya tafi ka tambaye shi abin da gangar ta ce. Wannan ba wasa ba ne. Akwai taken da na wata sarauta ne, akwai na mahauta, akwai na wani ɗan dambe, akwai habaici. Makaɗi na iya jefa taken wani a waƙar da aka yi wa wani, kai ba ka sani ba, sai waƙa ta fita masu ji su ji.

Mataki na 6: Gyara da haɗawa

Ka zaɓi ɗauka mafi kyau a matsayin tushe, ka cike wuraren da ta yi rauni daga sauran biyun, kana yanka a inda ya yi shiru. Jarabar da za ta zo maka ita ce ka ja kowane bugu ya hau layi. In ka yi haka ka biya kuɗi ka sayi samfur. Idan jimla ta makara, ka matsar da jimlar dukanta. Idan bugunsa da na inji suna karo suna yin "tarat", injin ne zai kauce: ka cire wannan bugun daga samfur, ko ka matsar da caki da siniya su bi hannunsa.

A EQ, wato abin ƙara ko rage wani sashe na sauti, ka yanke ƙasan kalangu daga wajen 80 zuwa 100 Hz, wurin kik da bes ne. In ɗaki ya sa shi ƙugi kamar a cikin akwati, ka nemi wurin tsakanin 300 da 500 Hz ka rage kaɗan. Ƙarar sanda tana wajen 3 zuwa 5 kHz, ka ƙara ko ka rage gwargwadon buƙata. Kwamfuresa, mai danne bugun da ya yi ƙarfi da yawa, ka sa kaɗan, kamar 3:1, kada ta kama da wuri har ta danne bakin bugun. Tunda kalangu da muryar mutum unguwa ɗaya suke zaune, EQ kaɗai ba zai raba su ba. Ka bi waƙar da hannu, ka sauke shi 2 ko 3 dB idan mawaƙi na magana, ka ɗaga shi a gurbin da yake amsawa.

Don samfur da ganga su ji kamar a ɗaki ɗaya aka kaɗa su, ka tura su duka cikin amsa-kuwwa guda, gajera, kowa kaɗan. Daga nan ka fitar da waƙar ka ji ta a waya, a mono, da cikin mota. In a waya kalangu ya rufe murya, ka koma ka rage, ko da a manyan lasifikun situdiyo ya yi daɗi.

Mataki na 7: Tara naka samfuran

Tunda makirufo na tsaye kuma fata ta yi zafi, ka ware minti 20 na ƙarshe. Makaɗi ya ba ka bugu ɗaya-ɗaya, a sake, a matse rabi, a matse sosai, kowanne a hankali da matsakaici da ƙarfi, sau huɗu-huɗu, yana barin sauti ya mutu kafin na gaba. Ya ƙara da masu lanƙwasa, mai hawa da mai sauka. Sannan ya kaɗa zagaye takwas-takwas a gudun da ka fi aiki da su, na biyu-biyu da na uku-uku. Ka yanka su a Edison, abin gyaran sauti na FL Studio, ka sa wa kowane fayil suna mai ma'ana, irin "kalangu_uku-uku_104", ka ajiye kwafi a wani faifan daban da kwamfutar aiki. Waɗannan su za su cece ka ranar aikin gaggawa, kuma da su za ka yi wa mai waƙa gwaji ya ji kafin ya yanke shawarar biyan makaɗi.

Amma ka gaya masa abin da kake yi. Ya zo ne don waƙa ɗaya, kai kuma kana shirin amfani da hannunsa a waƙoƙi masu yawa, wataƙila ma hakan ya sa ba za ka sake kiransa da wuri ba. Wannan ciniki ne daban, da kuɗinsa daban. Ku rubuta a takarda da Hausa: waƙar da ya kaɗa wa, abin da aka biya, ko ka sami izinin saka samfuran a wasu waƙoƙi, ko kana da izinin sayar da su ga wasu furodusoshi ko ba ka da shi. In ba ya karatun boko, a karanta masa a gaban shaida, ko ku ɗauki yarjejeniyar da murya a waya. Kowa ya riƙe kwafi, kuma idan za a ɗora waƙar a YouTube ko Audiomack, a rubuta sunansa da irin gangar da ya kaɗa a cikin bayanin waƙar.